Barmani Coge: Zabiya ce ko 'Yar Wasan Kwaikwayo?

Masu nazarin waƙar baka sun saba sanya Hajiya Sa'adatu Barmani Coge, mutuniyar Funtuwa wadda ta rasu cikin 2013, a jerin zabiyoyin amada, bayan Uwaliya Mai Amada ta Kano. Wannan daidai ne, amma bai gamsar ba. Gama wanda ya auna ta da ma'aunin waƙa kaɗai ya bar rabin sana'arta a baya, watau kwaikwayo.

Asalin amada kiɗan ƙwarya ne da mata kan yi a junansu ran biki ko suna. A irin wannan dandali Barmani ba ta cika ba da labarin wata mace daga nesa ba, sai ta shiga rigarta. A cikin "Sakarai Ba Ta Da Wayo" takan zama matar da kishi ya ci, tana jifan kishiya da habaici, da harara, da yatsina. 'Yan amshi kuwa su zama matan gida masu zuga ta. A cikin "A Kama Sana'a Mata" sai ta rikiɗe dattijuwa mai gargaɗi, murya ta sauka, taku ya natsu. Ga 'yar wasa, ga abokan wasa, ga 'yan kallo waɗanda rayuwarsu ce ake nunawa. Me ya rage wa wasan kwaikwayo?

Darajar wannan takan fito sarai in an gwada da finafinan Kano. Tun daga Sangaya na 1999 rawa da waƙa suka zama ginshiƙin fim, amma sai aka raba aikin biyu: zabiya ta rera a ɗakin ɗaukar murya, jaruma ta motsa baki a gaban kyamara. Barmani kuwa murya da jiki duk nata ne, kuma tana iya sauya baiti nan take gwargwadon yadda taro ya karɓa.

Amma fa aikin nata bai rasa aibu ba. Sau da yawa yabon masu kyauta yakan yanke zaren wasa ana tsakiyar jin daɗinsa. Zargin batsa da aka yi mata kuma yana da tushe, ko da yake lalle ne a tuna zancen mata ne a cikin gida, wanda kaset da rediyo suka fitar zuwa kunnen da ba dominsa aka tsara shi ba.

Saboda haka malamin da ya rubuta baitocinta a allo ya tsaya nan, ƙashi ya ba ɗalibai, nama ya bari. Abin da ya kamata shi ne a nuna musu hotunan wasanninta masu motsi, a tambaye su wace mace take kwaikwaya a kowace gaɓa, sa'an nan a koma ga kalmomi.