Sholay a Kallo na Biyu

Muna yara, Gabbar Singh muke zuwa gani a Sholay na Ramesh Sippy (1975). Da na sake kallonsa a waya, Radha ce ta riƙe ni: mijinta ya mutu, tana bin fitilun gida tana kashewa da dare, Jai na zaune daga nesa yana busa. Ba mai cewa uffan, amma soyayyarsu ta fi ta Veeru da Basanti nauyi, duk da surutun Basanti. Barkwancin gidan yari kam ya yi tsawo. Ƙarshen ne ya tsaya mini a rai. Hukumar tace finafinan Indiya ta hana Thakur kashe Gabbar, sai aka turo ɗan sanda ya yi wa'azi ga mutumin da aka sare wa hannaye biyu.