Damben Allo: Gumin Gaske Ne?

'Ya'yanmu na jami'a sun dawo hutu Sabo da labarin wasan kwamfutar da ake bugawa da motsin jiki, wai yana sa gumi, yana ƙulla zumunci. Mun leƙa Wii Sports, wanda kamfanin Nintendo ya fitar a 2006. Dambensa ne abin kallo: biyu na naushin iska, 'yan kallo na ihu, Bahaushe da Bayarabe na jiran layi. Nan kam ya ci, muddin akwai wuta. Batun gumin ne ba mu yarda ba. Na'urar motsin hannu kaɗai take ji. Malalaci na zaune kan katifa zai karkaɗa wuyan hannu, ya kayar da wanda ke tsaye yana haki.