'Yan Matan Bayan Asabari

A da, a birnin Benis na Italiya akwai gidan marayu da ake kira Pieta. A jikin bangonsa akwai 'yar kafa inda ake ajiye jariran da aka rasa mai riƙonsu. Daga cikin 'yan matan da suka tashi a gidan aka sami makaɗan da Turai ta yi ta zancensu.

A 1703 aka ɗauki Antonio Vivaldi ya koya musu gogen Turawa. Ya rubuta konceto wajen 500, da yawa dominsu. Konceto kiɗa ne zalla, babu murya: abin kiɗa ɗaya, kamar goge, ya ja gaba, sauran su karɓa, kamar mai waƙa da 'yan amshi. Sashe uku gare shi, na sauri, na natsuwa, sai kuma na sauri.

Sunan Vivaldi ya zaga duniya, kuma ya cancanta. Amma takarda ba ta kiɗa da kanta. Yarinya ce za ta yini tana maimaita gaɓa guda har tsirkiya ta yi mata kanta a yatsu, ta ɗaure wadda ta tsinke, ta kuma koya wa ƙannenta. Ranar wasa suna can saman bene bayan asabarin ƙarfe, baƙi na saurare, ba mai ganin fuskarsu sosai.

Ko sunan uba ba su da shi, da kayan kiɗansu ake kiransu. Haka aka san Anna Maria mai goge, wadda Vivaldi ya rubuta wa konceto fiye da 20, daga baya ta zama malamar gidan.