Aikin Ribit da Tsofaffin Motoci a Agege

A Turai da Amurka akwai masu sayen motar da ta shekara hamsin ko sittin, su kwance ta kaf, su mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, har kan kowace ƙusa sai ya yi daidai da na asali. Sha'awa ce ta masu hali. A Agege kuwa, wanda ya riƙe tsohuwar mota yawanci don tana kawo na cefane ne, ko kuma ta mahaifinsa ce, zuciya ta ƙi yarda a kai wa 'yan gwangwan. Sai dai in gyara ya kai ga ribit, Baturen da Bahaushen Zango matsalarsu ɗaya: da me za a buga shi, kuma wa ya iya?

Ribit ƙusa ce mai kai ɗaya wadda ba a ɗaure ta da noti. Ana huda ƙarafa biyu, a zura ta, a tokare kanta da ƙarfe mai nauyi, a daki ɗaya bakin har ya baje ya zama kai na biyu. Dukan ne ke kumbura jikinta ta cika ramin, shi ya sa girgizar hanya ba ta kwance ta. Kafin walda ta bunƙasa, da ribit aka haɗa gadoji da jiragen ruwa. Hasumiyar Eiffel ta birnin Faris, wadda aka gama a 1889, ribit miliyan biyu da rabi ke riƙe da ita.

Ba kowace tsohuwar mota ce ke da wannan buƙata sosai ba. Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da Volkswagen Beetle da aka riƙa haɗawa a Ojo daga wannan shekarar, bodinsu na walda ne, ribit ɗinsu bai wuce na birki da faifan kuloci da 'yan ƙananan wurare ba. Inda aikin yake shi ne Land Rover. Tun fitowarta a 1948, lokacin da ƙarfe ya yi wuya a Ingila bayan yaƙi, aka yi mata jiki da alminiyam, aka bi gefunan bodin da ƙarfe, aka ɗinke su da jerin ribit masu zagayayyen kai. Mai walda da iskar kabaid in ya kusanci wannan jiki, kafin ya ankara ya ɓula shi, domin alminiyam ba ya yin ja ya gargaɗe ka, narkewa kawai yake yi. Sai kuma manyan motoci. Ƙashin bayan tsohuwar Bedford ko Mercedes 911, da mariƙan sifirin ɗinta, duk ribit ne, haka ma falankin bodin molue da aka gina a kansu a nan Legas. Da gwamnatin jiha ta hana molue tsallakawa tsibirin Legas a 2013, aikin masu yi musu bodi ya ƙara ja baya, hannayen da suka iya shi suka ragu.

Hausawan Agege sun kafu ne kan goro da shanu da layin dogon da ya isa Kano a 1911. Inda fatake suka zauna kuwa, maƙeri ba ya nisa. A ganina nan ne sirrin yake, kuma nan mai neman gyaran tsohuwar mota yakan yi kuskure. Yakan nufi kasuwar Ladipo a Mushin yana cigiyar na'ura, alhali ilimin yana hannun mutumin da ke sa wa bokiti hannu, yana haɗa murhun gawayi da akwatin ƙarfe, ko dattijon da ke sa wa takalmin birkin tirela sabon laini. Su ne ke buga ribit kullum, ko da ba su taɓa buɗe bonet ba.

Kayan aikin ba su da yawa: guduma, matokari, da wani guntun ƙarfe mai kamar kurfi wanda bakinsa ke da ɗan rami daidai da kan ribit. Wannan na ukun shi ne ba a cika samu a shago ba, kuma ko an samu, da wuya raminsa ya dace da kan da ake so. Don haka ƙera shi ake yi. Maƙeri zai nemi ƙarfe mai kyau daga jikin wata matacciyar mota, guntun aksil ko sandar sitiyari, irin waɗanda ake tsinta a Owode Onirin kusa da Mile 12. Rodin gini ba ya yi, ya cika laushi, bugu kaɗan bakinsa ya baje. Zai yanke kamar tsawon tafin hannu, ya sa baki ɗaya a wuta, yaro na zuga, har ya yi ja jawur. Sai ya ɗora ƙwallon boris a kan uwar maƙera, ya kama ƙarfen da awartaki, ya kifa jan bakin a kan ƙwallon, a sauke masaba. Ƙwallon ya shige, ya bar rami zagayayye sumul. Daga nan sai magagari da sanfefa, domin duk wani kaushi da ya rage a ramin zai fito a kan kowane ribit da aka buga da shi.

Wurin shayar da ƙarfen ne ake gane gwani. Bakin da ke da ramin kaɗai ake sake gasawa a tsoma a mai, sannan a ɗan mayar da shi kusa da wuta ana kallon launinsa, daga ruwan ƙasa-ƙasa zuwa shuɗi, a tsayar. Ɗaya bakin, wanda guduma ke sauka a kai, da laushinsa ake barin sa. Wanda ya shayar da ƙarfen gaba ɗaya ya ƙera wa kansa masifa, don ranar da ya tsage, ɓarɓashinsa ido yake nema. Matokari kuma ba ya son wata fasaha, nauyi yake so: tsohon kan guduma ko guntun ƙarfe mai kauri, a yi masa rami shi ma don kada kan ribit na asali ya lotse.

Wannan hikima ce, kuma ta cancanci yabo. Amma yabon da muke yi wa masu sana'armu, cewa ba abin da ya gagare su, yakan rufe wasu aibobi, kuma a aikin ribit aibobin suna da girma.

Na farko rashin awo. Ƙa'idar da aka sani ita ce abin da zai leƙo na ribit bayan ya ratsa ƙarafan ya kai kaurinsa sau ɗaya da rabi. In ya gaza, kan ba ya cika. In ya zarce, sai ya tanƙware gefe. Ramin ma ya kamata ya ɗara jikinsa da ƙyar. Motar Ingila da inci aka auna ta, ta Faransa da Jamus da milimita, kuma ribit mai 3/16 na inci milimita 4.8 ne. Wanda ya ga bakin injin hudarsa na milimita 5 ya karye ya ɗauki na 6, ya bar wa ƙusar filin rawa. A garejin da ido ne ma'auni, wannan kullum ne. Za ka ji oga ya ce wa yaro, "Kai, buga kawai, zai kama." Zai kama ɗin, na wata uku.

Na biyu ya fi damuna, wato bindigar ribit. Wannan dabara ta fito ne daga Birmingham a shekarun 1930, don wuraren da hannu ba ya kaiwa ta baya, kuma a wurinta ba ta da na biyu. Mutum ɗaya ya isa, babu matokari, ka matsa ka ji ƙas, an gama. Masu tagar alminiyam da masu allon talla sun yaɗa ta ko'ina, ga araha. To, araha ba ta ado. Ribit ɗinta rami ne a tsakiya, ba ya ɗaukar nauyin da cikakke ke ɗauka, ruwa kuma yana bi ta cikinsa. A Kano ko Maraɗi mota za ta iya shanye wannan shekara da shekaru. A Legas, inda damina ke da tsawo iska kuma ke ɗauke da laima, in guntun ƙarfen da ke saura a cikinsa ya haɗu da alminiyam da ruwa, sai farin gari ya fara fitowa a gefen ramin, jikin motar yana cinyewa. Ga muni kuma: Land Rover da aka bi gefenta da irin wannan, daga nesa ake gane ta. Mafi haɗari shi ne wanda ya sare ribit ɗin ƙashin babbar mota ya lafta walda a madadinsa. An yi ƙashin ne ya riƙa ɗan murɗawa a kan gargada, kuma a gefen waldar tsagewa ke farawa. In ba za a iya buga na zafi ba, wanda ake sawa yana ja ya matse da kansa in ya huce, gara noti mai ƙarfi a ramin da ya dace da shi.

Inda sana'ar ta fi tsayawa da ƙafarta shi ne wurin masu lainin birki, saboda manyan motocin da ke sauke shanu a mayankar Oko-Oba da masu hawa Arewa ba su daina cin birki ba. Tsaya ka kalli mai yi. Ribit ɗinsa na tagulla ne ko alminiyam, mai ɗan rami a baki, don in laini ya cinye kada ya kankare gangar birki. Yana kafa guntun ƙarfe a bayis ya zama matokari, ya nutsar da kan ƙusar can cikin lainin, ya ɗora kurfi mai ɗan tsini a tsakiya, bugu biyu ko uku bakin ya naɗe waje. Daga tsakiyar takalmin yake farawa ya yi gefe-gefe, don kada lainin ya yi ciki. Kurfin nan ma shi ya ƙera abinsa, sau da yawa daga tsohon bawul ɗin inji. Abin da ba na so a wurin shi ne ƙurar: tsofaffin laini da yawa suna da asbestos, mai lalata huhu, ga yaro yana hure ta da baki.

Mai son tayar da motar mahaifinsa, shawarata ya cire ribit ɗaya na asali da kansa lafiya lau, ya kai wa maƙeri ya ce ga kan da yake so. Ya sayi ƙusoshin fiye da buƙata, na alminiyam in jikin alminiyam ne. Kafin a taɓa motar, a gwada goma a kan yankakken falanki, a sare biyu a tsakiya a ga ko sun cika ramin. Ya kuma biya mutum biyu, domin mai riƙe matokari ta ciki rabin aikin yake yi: in ya karkata ko ya sassauta hannu, dukan ba ya zama a ƙusar, a jikin motar yake sauka, alminiyam kuwa in ya miƙe ba ya komawa.