A Bar Wa Tsohon Kabad Mariƙansa

Bara, da aka tashi aurar da ƙanwata a nan Kiru, muka fito da kabad ɗin Inna na katakon maɗaci, wanda aka kawo ta gidan Baba da shi, muka kai wa wani kafinta ya gyara. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi aiki: ya goge, ya cike tsaga, ya shafa banish. Amma mariƙan durowoyin nan shida na tagulla, masu zobe mai lilo, ko ɗaya bai dawo ba. Ya sauya su da masu ruwan gwal 'yan China, a ganinsa gwaninta ya yi mana. Da na tambayi ina tsofaffin, ya ce ai 'yan jari bola sun ɗora su a sikeli.

Har yau abin na ci mini rai, don ba shi kaɗai ba ne. Na ga irin haka a Kwanar Dangora, na gani a Tudun Wada. An dawo da son gyaran tsofaffin kayan ɗaki, kuma na yi murna, tunda kayan garin katakon nan da ake matsewa damina biyu suke yi su kumbura. Madobiya kuwa an sare ta ana lodawa zuwa China har sai da aka sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a duniya a 2017. Wanda ya gaji katako mai nauyi ya gaji dukiya. To me ya sa za a ceci katakon a zubar da tagullar?

Sabon mariƙin ƙarfe ne mara ƙwari da aka yi wa feshi. Gumin hannu kaɗai ya isa ya saɓule masa launi, notinsa ya kwance. Tagulla ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, duhu kawai take yi, kuma lemun tsami da toka suna dawo mata da haske. Inna da tsamiya take wanke nata ranar jajiberin salla. Inda yatsunta suka shekara arba'in suna kamawa ya yi santsi, kuma wannan ba a sayar da shi a 'Yan Katako na Na'ibawa.

Idan mariƙi ɗaya ya ɓata, a ɗauki ɗan'uwansa a kai wa maƙeran fari a Kano, ko a leƙa Kasuwar Kurmi a nemi mai kama da shi.

Iyaye mata da masu aurar da 'ya'ya, kafin kafinta ya ɗauki kayan, ku kwance mariƙan da hannunku ku adana a gwangwani, in ya gama ku ba shi ya mayar a gabanku.