Haƙuri da Sauyin Hali a Cikin Littafin Shaihu Umar

Littafin Shaihu Umar ɗaya ne daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933. Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi, sa'ad da ya ke saurayi malamin makaranta a Bauchi, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba. An saba koyar da shi a kan cewa littafin haƙuri ne, watau labarin yaron da duniya ta juya shi ta ko'ina bai karaya ba har ya zama shaihi. Wannan fassara ba ƙarya ba ce, amma ta bar rabin littafin a baya, gama mutum biyu ne masifa ɗaya ta auka wa, Umar da uwarsa, kuma ba hanya ɗaya suka bi da ita ba.

Sauye-sauyen da Umar ya gani ba kaɗan ba ne. Bai san ubansa ba. Uwarsa ta auri Makau, bafaden Sarkin Kagara, sa'an nan 'yan'uwansa fadawa suka yi masa sharri aka kore shi daga gari. Aka sace yaron, aka kai shi Kano cikin bauta, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi zuwa Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu wurin Shaihu Mas'ud.

Wanda ya saba duban nahawu zai lura da wani abu a jerin nan. Kusan duk aikatau ɗin da suka juya rayuwar Umar, shi ne karɓau a cikinsu, ba aikau ba. Wakilin sunan nan "aka", wanda ba ya faɗin wanda ya yi aiki, shi ne ya fi dacewa da labarinsa. Ba shi ya zaɓi tafiya ba, ba shi ya zaɓi zama ba. To, haƙuri a wurin Bahaushe aiki ne na zuciya, mutum ya ji zafin abu, yana da ikon yin raki, ya danne. Yaron da aka raba da gida tun bai san hagu da dama ba, da wuya a ce haƙuri ya yi. Rayuwa kawai ya yi. Bayan haka kuma kowane rashi da ya yi, wani alheri ya biyo baya, har bautar ma ita ce ta zama masa ƙofar ilmi.

Uwar kuwa aikau ce. Ita ta ƙi yarda ɗanta ya ɓata ke nan, ita ta bar zaman aurenta ta shiga duniya nemansa. Ta san abin da ta rasa, tana da zaɓi, ta zaɓa. Amma duk takin da ta yi, ƙasa ya ƙara yi da ita: aka yaudare ta, aka sayar da ita, aka ja ta cikin hamada har Tarabulus, inda ta sadu da ɗanta bayan shekaru masu yawa, ba ta jima ba ta rasu. A nan ne marubucin ya fi taɓa zuciya, kuma a nan ne cinikin bayi ya bayyana da ainihin muninsa, ba a gidan Abdulkarim ba. Sai dai akwai tambaya mai nauyi da littafin ya tayar bai amsa ba. Idan wanda ya miƙa wuya ga ƙaddara ya ƙare da girma da almajirai, wadda ta tashi ta yi ƙoƙari kuwa ta ƙare baiwa a ƙasar baƙi, me ake so mai karatu ya ɗauka? Ba za a ce uwar ta yi rashin tawakkali ba, domin addinin da littafin ya ke ɗaukakawa bai hana neman abin da ya ɓata ba.

Akwai kuma wani rauni a ginin labarin wanda ya taimaka wajen ɓoye wannan. Umar ne mai ba da labari, yana tsoho, zaune a Rauta cikin almajiransa. Duk abin da ya auku, ta bakin mutumin da ya riga ya tsira ake jinsa, har wahalar Makau da ta uwar, waɗanda bai gani da idonsa ba. Muryar nan mai natsuwa ita ce ƙawar littafin, ita ce kuma ta shafe kaifin baƙin ciki, ta mai da kowane bala'i matakala zuwa buzun da shaihin ya ke zaune a kai. Ko guguwar rairayin da ta hallaka ayarinsu a hanyar komowa, da Abdulkarim a ciki, an wuce ta da sauri.

Malaman kwalejojin horon malamai suna da ɗalibai waɗanda su ma sun bar garuruwansu, sun shiga wata irin rayuwa da iyayensu ba su sani ba. In an ce da su darasin littafin shi ne a jure a yi shiru, an ba su Umar an hana su uwarsa. Ya fi amfani a sa su jera sauye-sauyen da kowannensu ya gani, su nuna inda aka yi zaɓi da inda ba a yi ba. Fassarar Turanci da Mervyn Hiskett ya yi cikin 1967, da fim ɗin Adamu Halilu na 1976, za su yi amfani wajen gwada yadda kowanne ya auna rabon uwar a cikin labarin.