Sai da zombi ne labarin rushewar duniya zai yi armashi?

Duk marubucin da ya zauna zai tsara labarin rayuwa bayan duniya ta rushe, wato bayan yaƙi ko annoba ta share gwamnati da kasuwa da asibiti, akwai tambayar da ke jiran sa tun a shafin farko: a saka zombi ko kar a saka? Zombi dai gawa ce da ke tashi ta bi masu rai da cizo, wanda ta ciza shi ma ya koma irin ta. Daga ƙasar Haiti kalmar ta bazu, inda ake nufin mamacin da boka ya tayar don ya yi masa bauta. Irin wadda muke gani yau kuwa, mai cin naman mutane, daga fim ɗin George Romero ta samo asali, wato Night of the Living Dead na 1968.

Ni dai a gani na, a mafi yawan labarai gara a bar ta. Dalili kuwa, zombi abokiyar gaba ce mai araha. Jarumi zai fasa kawuna ɗari, ba wanda zai kira shi mai kisan kai, shi ma zuciyar sa ba za ta dame shi ba. To ina wahalar zaɓi, wadda ita ce gishirin irin wannan labari? Dubi The Walking Dead, wanda aka yi daga 2010 zuwa 2022, zango 11 cur. Tun kafin a yi nisa gawarwakin suka zama kamar kayan ado, tsoron ya koma kan mugayen mutane irin su Negan. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Sai mai karatu ya kwatanta da The Road, littafin Cormac McCarthy na 2006, wanda aka mayar fim a 2009. Babu zombi ko ɗaya. Uba ne da ɗan sa ke tura keken kaya sun nufi bakin teku, bindigar su harsashi 2 kacal. Da suka buɗe wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sai ga mutane a kulle, an ajiye su ana yanka ana ci. Waɗanda suka kulle su fa da hankalin su garau. Wannan ya fi cizon gawa tayar da hankali.

Amma ba a taru an zama ɗaya ba. A Train to Busan, fim ɗin Koriya ta Kudu na 2016, zombi ta ci kuɗin ta. Ita ta tona asirin attajirin da ya sa aka rufe wa 'yan'uwan sa fasinjoji ƙofa, ita kuma ta sa uban da aka ciza ya faɗo daga jirgin ƙasa don kada ya cutar da 'yar sa. Haka Ojuju na C.J. Obasi, 2014, inda gurɓataccen ruwan sha a wata unguwar talakawa ta Legas ya haddasa cutar. Nan zombi magana take yi a kan rashin ruwa mai tsafta.

Saboda haka gwajin mai sauƙi ne. Marubuci ya cire zombi daga labarin sa, ya sa garken kuraye a gurbin ta. In ba abin da ya canza, to dama cikon benci ce, a sallame ta. In kuwa labarin ya wargaje saboda kura ba za ta taɓa zama mahaifiyar jarumi ko matar sa ba, to a bar ta ta yi aikin ta.